Mawaƙan kaboyi na gaske, da wa za a fara?

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman mawaƙan kaboyi waɗanda suka yi kiwon da hannunsu, ba masu hular aro ba. Da wa zan fara?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Don Williams, ka huta.

Sarkin Dawaki: Haba Alhaji, da girmanka. Don Williams ai country yake yi, kiɗan Nashville. Auta maganar doki da sirdi da garke yake nema.

Baban Hanif: To ai shi ma da hularsa.

Maman Iman: Hular nan ita ta yaudare mu tun zamanin kaset.

Kawu: Auta, bari in rage maka asarar data. Kada ka soma da tarin waƙoƙin nan da ake haɗawa a intanet a liƙa musu hoton mutum bisa doki. Za ka sauke awa biyu, ka tarar kashi tara cikin goma waƙoƙin fim ne. Dubi taurarin fim ɗin: Roy Rogers a birnin Cincinnati aka haife shi, sunansa na yanka Leonard Slye. Gene Autry aikin buga waya yake yi a tashar jirgin ƙasa kafin ya shahara. Murya kam akwai, ba a musu, amma ba za ka ji warin garke a ciki ba.

Ga yadda za ka rarrabe. Tsofaffin waƙoƙin daga korar shanu suka fito, daga Texas zuwa tashoshin jirgi na Kansas irin su Abilene, tun wajen 1867 har tsakiyar shekarun 1880. Garke guda yakan kai shanu 2,500 zuwa 3,000, masu kora kamar mutum goma ko sha biyu. Tafiyar yini mil 10 zuwa 15 ce, don in aka matsa musu ramewa suke kafin a isa kasuwa. Da dare sai a yi karɓa-karɓa, mutum biyu suna zagaya shanun, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kamar awa bibbiyu. Suna tafe suna rera waƙa ƙasa-ƙasa don shanun su san mutum ne ke wucewa. In aka yi tsit sannan wani abu ya yi ƙara kwatsam, tsawa ce ko doki ya girgiza sirdi, garken gaba ɗaya zai zabura cikin duhu, ana iya rasa shanu har da mahayi. Shi ya sa karin waƙar yake bin takun doki mai tafiya, ba mai sukuwa ba. Kuma ba wanda ke riƙe gita da linzami lokaci guda. Da ka ji ganguna da 'yan amshi goma, to a situdiyo aka haife ta.

Wanda ya fara tattara su a littafi Jack Thorp ne a 1908, shi kansa ya yi aikin a New Mexico. John Lomax ya biyo a 1910. Don jin su yadda suke, nemi Glenn Ohrlin, makiyayi ne a Arkansas kafin rasuwarsa, yana rera su a bushe kamar mai ba da labari. Sai Don Edwards, shi da gitarsa kawai.

Sarkin Dawaki: Kawu, ka kori Roy Rogers saboda Cincinnati, ka kawo mana Don Edwards ɗan New Jersey?

Kawu: Ɗana, ba takardar haihuwa nake dubawa ba. Yana matashi ya bar gida ya je ya yi aikin gandun kiwo a Texas da New Mexico. Ian Tyson ma a Victoria ta Kanada aka haife shi, bakin teku. Amma ya hau dawakin rodiyo, gasar hawan dawaki masu tutsu, gitar ma a jinyar faɗuwa ya koye ta, kuma a gandunsa kusa da Longview a Alberta ya rasu a Disamban 2022. Wa zai ce ba makiyayi ba ne?

Sarkin Dawaki: Na karɓi Tyson. Amma a nemi faifansa Cowboyography da na bayansa, na farko-farkon nan da ya yi da Sylvia, matarsa a lokacin, wani fanni ne daban.

Likitan Shanu: Ku dai ku gama, Baxter Black ne uban tafiya. Likitan manyan dabbobi ne kafin ya koma waƙar baka, ya rasu a 2022 a Benson ta Arizona. Shi ne zai yi maka baitoci a kan saniyar da mahaifarta ta fito bayan haihuwa, da yadda ake fama a mayar da ita tana yunƙuri tana sake turowa, ko gwajin ciki da hannu har kafaɗa. Duk wanda ya taɓa wannan aikin zai san mutumin bai ƙara gishiri ba. Matsalarsa ɗaya, sauri. Yana zuba magana da wasa da kalmomi, in ba ka karanta rubutun da farko ba, mutane za su yi ta dariya kai kana zare ido.

Maman Iman: Likita, mutane na cin abinci fa.

Malama: Tunda an shigo waƙar baka, Auta ka lura yawancinsu ba rerawa suke ba, karantawa suke da ka, ba takarda. Baiti mai ɗango huɗu ya fi yawa, da amsa-amo a ƙarshe. Inda masu koyo ke faɗuwa wuri biyu ne: su tilasta wa kalma zama don amsa-amon ya fita ko da ma'ana ta karye, ko su riƙa tsayawa a ƙarshen kowane ɗango har abin ya koma kamar haddar 'yan firamare. Saurari Joel Nelson na Alpine a Texas, mai horon dawaki ne, za ka ji yana bin ma'anar jimla yana tsallake ƙarshen ɗango ba tare da karin ya ɓace ba.

Wanda na fi girmamawa Buck Ramsey ne. Doki ya kayar da shi a farkon shekarun 1960, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu a Amarillo, ya rasu a 1998. Doguwar waƙarsa baiti mai ɗango 14 ya yi ta da shi, tsarin da ya aro daga Pushkin na Rasha. Sai Wallace McRae, makiyayin Montana wanda ya daɗe yana faɗa da haƙar kwal a yankinsu, fushin na cikin baitocinsa. Kuma kada a manta mata. Georgie Sicking ta yi aikin kan doki tare da maza tun tana yarinya, Yvonne Hollenbeck ta South Dakota kuma ita ke ba da labarin matar gandu, mai girkin ranar lalas da lissafin bashin banki.

Baban Hanif: Pushkin kuma a garken shanu? Allah mai iko.

Ɗan Ci-rani: Ga mai halin zuwa, mahaɗarsu Elko ce a jihar Nevada. Tun 1985 ake taron mawaƙan kaboyi a can duk shekara, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, cibiyar Western Folklife Center ke shiryawa. An zaɓi lokacin ne don makiyaya sun fi samun sarari kafin shanu su soma haihuwa. Garin ƙarami ne, a kama masauki da watanni. Sanyi ba wasa, tudu ne sama da ƙafa 5,000. Daga Salt Lake City kamar mil 230 ne a kan titin I-80, in ƙanƙara ta sauka a ƙara lokaci. Jirgin ƙasa ma na tsayawa. Shawarata, kada a ƙare a manyan wasannin dare, ƙananan zaman rana nan ake jin waɗanda daga gandu suka taso kai tsaye.

Maman Iman: Biza fa, ita ma cibiyar ce ke shiryawa?

Ɗan Ci-rani: Hajiya, wannan sai addu'a.

Ɗan Barno: Duk Turawa kuka lissafo. Baƙar fata da 'yan Meziko da yawa sun yi korar nan. Dom Flemons ya fitar da faifai a 2018 kan kaboyi baƙar fata, Smithsonian Folkways ta buga. Shi ba makiyayi ba ne, mai tono tarihi ne, amma ya yi aiki. Kalmar buckaroo ma, sunan da ake kiran kaboyi a wajen Nevada da Oregon, daga vaquero ta Sifaniyanci ta fito.

Sarkin Dawaki: Yauwa, ka taɓo inda nake so. Auta, in ba ka san bambancin buckaroo da 'yan Texas ba rabin baitocin za su wuce ka. 'Yan Nevada da Oregon, irin su Waddie Mitchell, doguwar igiya suke jifa da ita, takan kai ƙafa 60. In zargen ya kama, sai su naɗa ta a ƙahon da ke gaban sirdi, suna sassautawa in bijimin ya fizga. Haɗarinta babban yatsa: ya shiga tsakanin igiya da ƙahon, ya tafi ke nan, shi ya sa ake koya wa yaro ya riƙa ɗaga shi sama. 'Yan Texas, ɓangaren su Red Steagall, gajera suke riƙewa, wajen ƙafa 30, a ɗaure tamau tun kafin jifa, saboda a cikin sarƙaƙiya suke aiki. Nasu haɗarin, ba sakewa. Bijimi ya fi ƙarfin doki, sai ya kwantar da shi da mahayin. Gugar zanar da suke wa juna kan wannan ta cika waƙoƙinsu.

Likitan Shanu: Na Texas ya fi hankali. Yatsa ba ya tsirowa.

Sarkin Dawaki: Wuya fa, yana tsirowa?

Kawu: Ku biyun nan ko akuya ba ku taɓa zargewa daga kan doki ba.

Auta: To ni dai har yanzu ban ji da wa zan fara ba.

Likitan Shanu: Tsaya tukuna Auta. Sarki, wuƙar da ke aljihun mai ɗaurewa ta mece ce in ba ta yanke igiya ba?

Sarkin Dawaki: Kana ƙarƙashin doki za ka laluba aljihu?