Tkinter ko Qt don manhajar Islamiyyarmu?

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wata 'yar manhaja da harshen Python don ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin wata na Islamiyyar unguwarmu a nan Katsina, kuma da Tkinter na gina tagoginta tunda tare suke zuwa da Python. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa lafiya lau, amma da shugaban makaranta ya ce a riƙa shigar da sunaye da Larabci, sai rubutun ya rikice a akwatin shigarwa. An ba ni shawarar in koma PyQt ko PySide. Mene ne bambancinsu? Kwamfutar ofishin tsohuwa ce, Windows 7 ke kanta.

Malamin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin ba na Python ba ne, domin Tkinter ba ta zana ko da maɓalli ɗaya da kanta. Tafinta ce kawai da ke isar da umarninka ga Tk, kayan gina tagogi da John Ousterhout ya fitar a 1991, kuma Tk ɗin ce ba ta ƙware da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu ba. Haka PyQt da PySide suke, duka tafintoci ne na Qt, wasu kayan gina tagogin da aka rubuta da harshen C++, ita kuwa Qt ta iya haɗa haruffan Larabci, har ma tana juya taga gaba ɗaya ta fara daga dama. Babban bambancinsu lasisi ne. PyQt ta kamfanin Riverbank Computing ce na Ingila, kuma idan za ka raba manhajarka, ko dai ka sake ta a ƙarƙashin GPL, lasisin da ke ba kowa damar gani da gyara manhaja, tare da rubutunta na asali, ko ka sayi lasisin kasuwanci. PySide, wadda Nokia ta fara a 2009, tana ƙarƙashin LGPL, lasisin da ba ya tilasta maka sakin rubutun manhajarka, saboda haka ta fi sauƙi ga wanda watarana zai so sayar wa wasu makarantu.

Badauri:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada ka ɗauko PySide6, wadda aka gina a kan Qt 6. Qt 6 ba ta aiki a Windows 7, kuma Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke hawa kansa, don haka PySide2 ko PyQt5 za ka nema.

Hajiya Mai Manhaja:
Ɗana, ga abin da ya taɓa cinye mini mako guda. Kowace taga a Qt masu ita biyu ne, Python da C++, kuma kowannensu yana iya share ta ba tare da ya sanar da ɗan uwansa ba. Idan ka buɗe taga a cikin wani aiki ba ka ajiye ta a wani suna mai ɗorewa ba, Python za ta ɗauka an gama da ita, sai ka ga ta ƙyafta ta ɓace. Idan kuma Qt ce ta riga sharewa, za ka sami saƙon cewa abin da kake kira babu shi. Don haka ka riƙa ba kowane maɓalli da akwati uwar taga, wato tagar da za ta riƙe shi, tun wajen ƙirƙirarsa. Sannan ka jarraba da sunayen da ke ɗauke da wasulla kafin ka kai wa shugaban makaranta, domin ba kowane nau'in haruffa ne ke ɗora fataha da kisira daidai ba.