Neman shawara: zagaye yankin Cape Peninsula da keke

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Jos, kuma shekara uku ke nan ina hawan keke daga Rayfield zuwa Vom kusan kowace Asabar. A watan Disamba aiki zai kai ni Cape Town, ina da kwana ɗaya tak na kaina, kuma burina in zagaye Cape Peninsula, yankin nan da ya kutsa cikin teku.

Na so in bi hanyar gasar keken da ake yi a watan Maris, mai kilomita 109. A Afirka ta Kudu hagu ake bi, don haka idan na gangara ta Muizenberg da Simon's Town na dawo ta Chapman's Peak, teku na gefena har gida. Abin da ya ɗaure min kai shi ne mafarin hanyar. Gasar tana bin babban titin M3, wanda a ranakun da ba na gasa ba keke ba ya hawa. Na duba taswira har na gaji. Titin cikin gari da ake kira Main Road zan bi cikin motoci, ko akwai wadda ta fi ta kwanciyar hankali?

Sai iska. Hawan tudu bai dame ni ba, Jos ta koya min. Amma iskar kudu maso gabas ta lokacin zafi (a can Disamba na cikinsa) ce ta sa aka soke gasar a 2017, kuma ita zan fuskanta da safe. In juya zagayen, ko in fita bayan asuba?

Azahar kam ina fatan ta same ni a masallacin Simon's Town. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar ya taimaka min.