Na sayi zanen Brayer mai sa hannu, yanzu hankalina ya ƙi kwanciya

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimake ni da shawara. Shekarata bakwai a Marseille ina aikin gadi. Tun ranar da abokin aikina ya kai ni Camargue, wani yanki a kudancin Faransa, na ga fadama da fararen dawaki tsaye cikin ruwa, kamar tafkin garinmu da damina, na kamu da son zanen wurin. Da katin wasiƙa na fara, sannan na shiga sayen litogarafi, wato zanen da ake bugawa daga kan dutse, adadi ƙayyadadde. Ina da uku. Ranar Lahadi a kasuwar tsofaffin kaya wani dattijo ya sayar mini da na Yves Brayer, wani mai zane Bafaranshe, Yuro 280, akwai 45/150 a hagu, wato kwafi na 45 cikin 150, sa hannu a dama. Kuɗin gyaran rufin Inna ne na taɓa, kuma uwargida ba ta sani ba. Jiya wani ya duba ya ce bugun inji ne. Ban runtsa ba.

Alhaji na Lyon: Ƙanena, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Sa hannun da fensir ne ko da tawada? Brayer ya rasu a 1990, kuma sa hannun da aka buga tare da zanen ba ɗaya yake da wanda ya yi da fensir a farin gefen takarda ba. Cire shi daga firam yau ɗin nan. Ɗaga takardar ga haske, ka nemi tambarin masu yin takarda, Arches ko Rives, a jikinta. Sannan ka sa gilashin ƙara girma a kan sararin sama: in ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida, an cuce ka. Na dutse launinsa shimfiɗe yake, da ɗan tsakuwa-tsakuwa.

Maman Nana: Allah sarki. Ni kuma mai firam ne ya cuce ni, ya manna takardar zanena da gam a jikin kwali. Na kai ta Yamai, damina ɗaya ta fito da tabo ja-ja. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Malam na Toulouse: Da izinin Alhaji, ni ban ga ya dace ya buɗe da kansa ba, kada ya yaga ta. Masu gwanjo suna da ranakun da suke duba kaya kyauta. Ga kuma gidan tarihin Brayer a Les Baux-de-Provence, ba nisa da kai, je ka ga na gaskiya da idonka. Amma ɗana, rufin mahaifiya fa?

Alhaji na Lyon: Malam, shekara ashirin ina shiga Drouot, gidan gwanjon nan na Paris, mai gwanjo ba zai ɓata lokacinsa kan takardar Yuro 280 ba. Kuma lamba ba hujja ba ce, kowa na iya rubuta 45/150. Har E.A. ake ƙarawa, wai kwafin mai zanen ne, don a ɗaga farashi.

Ɗan Damagaram: Alhaji, ta bayan gilashi kamar fensir ne, yana ɗan ƙyalli. Dattijon nan bai yi kama da macuci ba, ya ce na marigayiya matarsa ne, har hawaye ya yi. Malam, kuɗin Inna zan mayar ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ni ba don riba na saya ba, in na dawo aiki da asuba shi nake kallo.

Maman Nana: To ya ba ka rasit?

Ɗan Damagaram: A'a Anti, kasuwar ba a ba da rasit. Amma ya ce yana zuwa duk Lahadi.

Alhaji na Lyon: Ka buɗe firam ɗin ko ba ka buɗe ba?

Ɗan Damagaram: An like bayansa da takarda, tsoron taɓawa nake. Bari dai Lahadi ta zo.