Wai mace mai O negetif ba ta auruwa ga mai fozitif?

Maman Biyu: Salam yan uwa, dan Allah masu ilimi ku taimaka. Ƙanwata an sa ranarta bayan sallah, sun je gwajin aure komai lafiya ita AA shi AS, sai a ƙasan takardar aka rubuta ita O negetif shi B fozitif. Yanzu gwaggon yaron ta tada ƙura wai jininsu bai haɗu ba, duk ɗan da ta haifa mutuwa zai yi, a fasa tun kafin a kai lefe. Yarinyar nan kwana biyu ko ruwa da ƙyar take sha wallahi

Baban Yara: Hajiya ku yi haƙuri amma gwaggon ba ƙarya ta yi ba. Matar kawuna haka aka yi da ita, na fari ya rayu yana nan har ya yi aure, bayansa uku a jere duk da shawara suka zo idonsu kamar an zuba kurkur, ba wanda ya kai suna. Wabi aka riƙa ce mata a gari har aka huda wa na ƙarshen kunne, sai daga baya a asibiti aka ce jininta ne negetif. Gara a yi kukan yanzu

Ƴar Zariya: to ni dai na san AS da AS ne ake hanawa, wannan kuma sabo ne

Nas: Ƴar Zariya abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. AA, AS, SS maganar sikila ce, AS da AS kowane ciki akwai kaso 1 cikin 4 a haifi SS kuma ba allurar da ke tare wannan. A, B, AB, O da fozitif ko negetif kuma rukunin jini ne. Fozitif na nufin akwai wani sinadari da ake ce wa D a bayan jajayen ƙwayoyin jininka, negetif babu, shi kenan, ba ciwo ba ne. Baba abin da ka faɗa na matar kawunka gaskiya ne, Allah ya sa masu ceto ne, har yadda ka jero shi ma daidai yake da yadda abin ke zuwa. In uwa negetif ce ɗan ya gado fozitif daga uba, wajen haihuwar fari jinin jaririn kan ɗan shiga nata, jikinta ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa garkuwa, to ciki na gaba wannan garkuwar ce ke ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jinin jaririn, shi ya sa na fari ke tsira na baya su zo da shawara da ƙarancin jini. Amma fa tun 1968 aka fara allurar anti-D, ana yi wajen sati 28 na ciki sannan a sake cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne, tana share jinin yaron kafin jikin uwa ya farga

Baban Yara: Sista allurar kyauta ce? Ku na birni komai sauƙi ne a bakinku. Mace ta haihu a gida cikin dare hannun ungozoma, kafin a nemo kuɗi a nemo inda ake sayarwa kwana ukun sun wuce

Nas: Nan kam ban musa maka ba Baba, tana da tsada kuma sai a firji ake ajiye ta, ba kowane kemis za ka yarda da tasa ba. Kuma in jiki ya riga ya haɗa garkuwar allurar ba ta warware shi, sai dai a bi cikin da sa ido. Amma ita wannan yarinyar ta sani tun kafin aure, wata tara gare su su tanada

Malamin Bayoloji: Ƙari kan maganar Sista, ba ma dole ne duk yaran su zama fozitif ba. Kowa kwafi biyu na ƙwayar halittar da ke sa jini ya zama fozitif ko negetif yake gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, in angon yana ɗauke da kwafin negetif a ɓoye kowane ciki rabi da rabi ne, wanda ya zo negetif kuwa ba ruwansa da wannan matsalar. Sannan a Turai kusan mutum 15 cikin 100 negetif ne, mu nan wajen 5 ne, Sin da Japan ko 1 ba su cika kaiwa ba. Da hana aure ake da Turawa sun fi kowa shiga uku

Maman Biyu: Malam to ɓari fa? gwaggon cewa take ko cikin ma ba zai zauna ba

Nas: Ɓarin watannin farko yawanci ba daga nan yake ba Yaya. Abin da ya kamata ta riƙe shi ne ko ɓari ta yi ko ta ga jini da ciki, ko ta faɗi ta bugu a ciki, ta je asibiti ta faɗa musu ita negetif ce don a nan ma ana buƙatar allurar, mata da yawa a ɓarin fari suke samun matsalar ba su sani ba saboda a gida aka gama komai

Mai O Negetif: Tun ɗazu nake karantawa hannuna na rawa don ni aka yi wa wannan maganar shekarun baya. Mijina A fozitif, yarana huɗu duk suna raye Alhamdulillah. Kowane ciki tun awon farko nake sa a rubuta min negetif a saman kati da jan biro, kuɗin allurar kuma adashe nake shiga dominsa, rannan da na haifi ta ukun ina kan gado ina tambayar an kawo? don na san sa'o'i ake ƙirgawa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba allurar ba ne, jini ne, mu kowa na iya karɓar namu amma mu sai O negetif ɗan uwanmu, saboda haka kafin watan haihuwa nake nemo mutum biyu masu irin jinina in ajiye lambarsu

Baban Yara: Allah ya raya miki su Hajiya. Ni dai har yanzu in ƴata ce sai na ji daga bakin yaron cewa zai tsaya a kai, asibiti za ta haihu ba gida ba, kuma gwaggon nan ba za ta zo ta hana awo ba. In babu wannan ban yarda ba

Maman Biyu: Hajiya mai O negetif dan Allah zan miki magana ta gefe, so nake ki yi wa Ummanmu bayani da bakinki, gobe da yamma iyayen yaron za su zo