Yaya zan koya wa ɗalibai rubuta sashe ɗaya don masu karatu biyu?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da rubutun fasaha ga ɗaliban injiniyanci, kuma akwai inda na cije, ina neman shawararku.

Aikin da nake ba su shi ne littafin jagorar inbatar sola: ɗaya na mai gyara, ɗaya na maigidan da ya saya. Sun gane bambancin masu karatun sarai. Mai gyara yana son ƙarfin batir da kaurin waya, shi kuwa maigida damuwarsa me zai yi idan jar fitila ta kama. Matsalar tana ga sassan da littattafan biyu suka haɗa, kamar gargaɗin kada a taɓa kan batir da jiƙaƙƙen hannu. Kwafa suke yi su manna. Da na ce a gyara gargaɗin, sai a gyara a ɗaya a manta ɗayan, kuma a harkar wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na yi musu bayanin DITA, tsarin rubutun fasaha da ya faro daga kamfanin IBM, wanda OASIS, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin fasahar bayanai, ta amince da shi a 2005, inda ake rubuta sashe sau ɗaya a riƙa kiransa duk inda ake buƙata. Amma da sun ga alamomin XML, wato alamomin kwamfuta da ake rubuta DITA da su, sai hankalinsu ya koma can, su manta da mai karatu. Ga shi yawancinsu da waya suke rubutu.

Don Allah, akwai wanda ya taɓa koyar da wannan da Google Docs kawai, ko da katunan takarda? Sannan sashen da littattafan biyu suka haɗa, da bakin wa za a rubuta shi, na mai gyara ko na maigida?