Yadda za a nuna wa yara amfanin ungulu da sauran masu cin mushe

Malamar firamare, Ringim: Salamu alaikum. 'Yan aji biyu da uku da sun ji an ce ungulu sai su toshe hanci, wasu ma jifa suke yi. Wace hanya ce ke shiga kansu? Zane a allo ba ya wadatarwa.

Malamin gona, Gumel: Malama, fara da buzuzu, shi ne a kusa. Da damina a samo ɗanyen kashin shanu, a raba shi gida biyu, kowanne kamar cikin ƙwarya, a ajiye a bayan aji da tazarar taku biyar. Ɗaya a bar shi a buɗe. Ɗayan a ɗora shi a kan buhu, a rufe da yankin tsohon gidan sauro, a danne gefuna da duwatsu. Bayan kwana biyu zuwa uku na buɗen zai huhhuje, in an ɗaga shi da sanda a ga ramuka a ƙarƙashi inda buzuzu ya binne kashin. Taki ke nan ya kai wa saiwa. Na rufen yana nan dunƙule. Kada a gwada da rani, kashin bushewa yake kafin buzuzu ya zo, sai dai gara.

Malamin dabbobi, Ɗambatta: Ungulu kuwa sai an je kwata ranar kasuwa, da hantsi, don sai ƙasa ta ɗau zafi take samun iskar da ke ɗaga ta. Yara su tsaya nesa, ta inda iska ke fitowa, kuma kada kowa ya taɓa mushe ko ƙashi. Su fara koyon bambancewa: shirwa jelarta a rabe take, ungulu fiffikenta faɗi gare shi, jela gajera, fuska babu gashi. A bari su yi hasashen dalilin sanƙon, sukan gano cewa don kada jini ya manne ne. Sannan a faɗa musu ruwan cikinta yana da ƙarfin da ke kashe ƙwayar ciwon saifa. Mushen da ba ta cinye ba karnuka da ƙudaje ne ke gadonsa, su kuma gida suke shigowa. A Indiya maganin shanu diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayensu, karnukan titi suka yawaita, har aka hana ba dabbobi shi a 2006.

Malamar firamare: To in an je ba a ga ko ɗaya ba fa, Malam?

Malamin dabbobi: Hakan na faruwa sosai yanzu, kuma abin yana da ciwo. Tun 2015 ungulu irin tamu ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tal take yi, ga masu sa guba a mushe, ga masu sayen kanta don tsibbu. A gayyato dattijon mahauci ya faɗa wa yaran yadda suke cika kan kuka a da.

Malamin Islamiyya, Kazaure: Yara kan rikice da cewa mushe haramun ne. A bayyana musu hukuncin a kanmu yake, su kuwa abincinsu ne da Allah ya hore musu. Aya ta 31 a Suratul Ma'ida, inda hankaka ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa, tana saurin kama su. In an dawo daga kwata, kowa ya wanke hannu da sabulu ko toka kafin cin abinci.