Labarina yana tsayawa cik a tsakiya

Tambaya daga Agege:
Assalamu alaikum marubuta. Ina farawa da zafi, a tsakiya in rasa hanya. Yaya ake tsara labari?

Amsa daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, fara rubuta ƙarshen a layi biyu. Sannan ki ba kowane babi layi ɗaya: me tauraruwa ke nema, wa ya tare ta, me ta rasa. Babin da bai canza komai ba shi ke kashe labari, ki cire shi.

Amsa daga Obalende:
Ki ware littafi na shekaru, dangantaka da sunan kowa. Masu karatu ba sa yafe kishiyar da sunanta ya canza.

Amsa daga Ajegunle:
Kada ki saki babi na 1 a WhatsApp sai kina da 10 a ajiye.